Mai Riƙe Kati

Direba na durƙushe a gindin motar asibiti yana gwada iskar tayar baya, bakinsa na motsi da jimlolin da zai faɗa a jarrabawar yamma, sai ya ga takalman Babban Direba sun tsaya a gabansa.

"Miƙo makullin."

Ya ɗaga kai. "Ranka ya daɗe?"

"Makullin mota. Yau ka huta. Ranar Litinin da ƙarfe tara ka je ɗakin ido su duba ka. Ga takardar."

Shekara ashirin da uku ke nan yana jigilar marasa lafiya, ya kuma san lokacin gwajin ido sarai: farkon shekara ake yi, direbobi duka a layi ɗaya, gaban allon baƙaƙen nan da ya daɗe da haddace shi daga sama har ƙasa. Yanzu kuwa ana wata na bakwai. Ya tambaya ko kowa da kowa za a duba. Babban Direba ya kau da kai yana kallon kwanon rufin gareji.

"Kai dai ka je. Ba ni na ƙirƙiro ba, magana aka kawo mini. Kuma mai maganar ba da mugunta ba ne."

"Wa ya kawo?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba. Kawo makullin, don Allah, kada mu tara jama'a."

Ya miƙa. Hannunsa ya yi sakayau.

Gaskiyar magana ita ce gefen idonsa na hagu ya fara rufewa. Abin da ke gabansa yana ganinsa tar, amma abin da ya ɓullo ta gefe sai ya zo daf da shi. Wata biyu da suka wuce, a shataletalen kusa da kasuwa, wata mata da yaro a hannu ta fito ta hagunsa, bai gan ta ba sai da madubin motar ya shafi jakarta. Ba abin da ya same su, matar ma zagi kawai ta yi ta wuce. Shi kuwa ya gangara bakin titi ya tsaya. Bai faɗa wa likita ba, bai faɗa wa matarsa ba, bai faɗa wa yayansa da suka fito ciki ɗaya ba. Mutum ɗaya tak ya faɗa wa a duniya, kuma da Sifaniyanci ya faɗa.

Shekara huɗu ke nan yana koyon harshen, Talata da Alhamis bayan tashi aiki, sai Asabar da rana, a wani ajin 'yan firamare inda manya ke cusa gwiwa a ƙarƙashin teburan yara. Su ashirin da shida suka fara. Aure ya ɗauke wasu, canjin aiki ya ɗauke wasu, kasala ta kwashe mafi yawa, har aka iso babban aji su bakwai. Shi ba don sha'awa yake yi ba. Akwai likitoci 'yan waje da ke zuwa asibitin aiki duk shekara, Sifaniyanci suke ji, asibiti kuma ya ce zai ɗauki tafinta na dindindin daga cikin ma'aikata, mutum ɗaya, wanda ya kawo shaidar babban mataki. Kujera ce a zaune, ba sitiyari, ba madubin gefe. Lissafinsa shi ne ya ci jarrabawa, ya koma kan kujerar nan, ya ajiye makullin mota da hannunsa kafin kowa ya san dalili.

A babban aji Malama tana da doka ɗaya da ba ta ɗaga ƙafa a kanta. Kowane ɗalibi yana da abokin zance, kowace safiya sai ka tura masa saƙon murya na minti uku a kan rayuwarka, shi ma ya turo nasa, ku gyara wa juna. Kuma ban da ƙirƙira. "Idan na bar ku ku yi ƙarya, kalmomin da kuka iya kawai za ku riƙa zaɓa," in ji ta. "Ku faɗi abin da ya faru, dole ku nemo waɗanda ba ku iya ba."

Abokiyar zancensa Sista ce, ma'aikaciyar jinya a ɗakin taimakon gaggawa na asibitinsu, mai 'ya'ya uku. Abin da Malama ba ta gargaɗe su a kai ba shi ne harshen aro ba ya sa kunya. Maganar da za ta maƙale wa mutum a maƙogwaro da harshensa, a Sifaniyanci sai ta fito sumul, kamar labarin wani ake bayarwa. Haka ya zauna a falo da sassafe, matarsa Uwar Yara na guga a gefensa, ya zayyana wa waya labarin shataletale cikin safiya uku a jere, yana ma jin daɗin yadda jimlolin ke hawa daidai. Sista ta gyara masa kalma biyu, sannan ta ce ya je ya ga likita. Ya ce bayan jarrabawa.

Sista kuma ita ma ta nemi kujerar tafintar.

Ya shiga ɗakin direbobi ya zauna kan benci. Dogo, wanda aka ba makullin, ya leƙo yana kaɗa shi a yatsa.

"Sinyor mai Sifaniyanci! An ce yau hutu ka samu. Ko har an fara yi maka hidimar manya tun kafin ka hau kujera?"

"Dogo, yau ba na jin wasa."

"To Allah ya ba da sa'a. In ka zama tafinta ka tuna da mu talakawa."

Da ya fita, Direba ya tashi ya tsaya gaban jadawalin aiki da ke manne a bango. Duk fitar mota da ma'aikaciyar jinya ɗaya ake yi. Ya bi ranakunsa da yatsa. Inda sunan Sista ya kamata ya zo tare da nasa, an soke da biro an sa wata. Ya ɗaga takardar ya duba ta watan jiya a ƙarƙashi. Nan ma haka, sau huɗu. Wata biyu cur ba ta shiga motarsa ba, shi kuwa gogan bai lura ba, yana can yana haddar kalmomi. Sai ya tuna ya gan ta ranar Laraba a ƙofar ofishin Babban Direba, da ta hango shi ta yi saurin sallama ta wuce.

Ya ciro waya ya sake sauraron saƙonta na safiyar yau. Ɗazu da ya ji shi, saƙo ne kawai: ƙaraminta ya kwana da zazzaɓi, ba ta yi bita ba, tana tsoron jimlolin nan masu "da a ce". A ƙarshe ta ce ko me ya faru yau, tana gode masa da shekarar nan. Yanzu kuwa da ya saurara da kunnen zargi, sai kowace kalma ta fito da ƙaho. Ko me ya faru? Me ta san zai faru? Kuma me ya sa aka zaɓi safiyar jarrabawa, in ba don a rikita masa kai ba? Ya saurara sau biyar, kowane saurare yana ƙara masa hujja. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da bakinsa ya miƙa mata sirrin, a tsare, har tana gyara masa.

Bas ya hau zuwa wurin jarrabawa. Rabonsa da zama a kujerar fasinja har ya manta, duk birkin da direban ya taka sai ya ji ƙafarsa ta taka nata a ƙasa. Ya ciro katunansa daga aljihu, ɗauri ɗaya cikin ɗaurukan da suka cika gwangwanayen madara uku a gida, gefe ɗaya Sifaniyanci, gefe ɗaya fassara. Ya kasa karanta ko ɗaya. Dama shi bai iya bita shi kaɗai ba, sai Uwar Yara ta riƙe katin ta karanto da irin nata lafazin da ke ba shi dariya, shi kuma ya ba da amsa.

A barandar makarantar ɗaliban aji suna tsaye cirko-cirko, kowa da takarda a hannu, leɓe na rawa. Wani ɗan ajin da suke kira Akanta ya sa kwat kamar mai zuwa neman aiki. Sista ta taho da sauri, idanunta sun yi ja don rashin barci.

"Yaya, ka ji saƙona? Ba ka turo gyara ba."

"Na ji."

"Lafiya dai? Fuskarka wani iri."

"Lafiya lau. Ke fa? Hankalinki a kwance yake?"

"Ina fa kwanciya! Ka dai tuna da agogo."

Ya dube ta da kyau yana neman alamar mai laifi. Ta sunkuyar da kai tana gyara jaka, shi kuma ya ƙara wannan a cikin hujjojinsa.

Jarrabawar baki bibbiyu ake shiga. Masu jarrabawa biyu ne, ɗaya yana magana, ɗaya yana rubutu ba ya ko murmushi. A ba ku batu, ku tattauna minti goma sha biyar har ku kai ga matsaya. Duk ɗan babban aji ya san ba a barin aboki ya nutse, Malama ma ta sha faɗa cewa iya riƙe zance da wani shi ne rabin makin. Shi da Sista suna da tasu alamar tun watanni. In kalma ta ɓace mata sai ta juya agogon hannunta, shi kuma ya jefo tambayar da ke ɗauke da kalmar a ciki, ta cafe ta ci gaba. In shi ne ya maƙale sai ya shafa gemu.

Batun mai sauƙi ne: wani fili a unguwa, a mai da shi wurin wasan yara ko wurin ajiye motoci. Direba ya fara, kuma tsakani da Allah bai taɓa magana da kyau irin ta yau ba. Fushi ya wasa masa harshe. Sista ta karɓa, ta yi minti biyu lafiya, sannan ta shiga doguwar jimla mai "da a ce", ta kai tsakiya, ta tsaya cak. Ta juya agogo.

Ya san kalmar. Tana kan harshensa, shi ma ya gyara mata ita makon jiya. Ya harɗe hannu ya jingina da kujera.

Ta sake juya agogon. Ta dube shi. Fanka na kaɗawa a sama, mai rubutu ya ɗaga biro yana jira. Direba ya ƙura wa kalandar bango ido. Shirun bai wuce daƙiƙa ashirin ba, amma a ɗakin jarrabawa wannan kwana guda ne. Daga ƙarshe mai magana ya yi gyaran murya ya sauya tambaya. Daga nan Sista ba ta ƙara dawowa daidai ba, jimlolinta suka gajarce, muryarta ta yi ƙasa. Sau biyu kuma ta sake taɓa agogon, na ƙarshen ma ba ta dube shi ba. Mai rubutu ya rubuta wani abu a takardarta, sannan ya jawo ta Direba ya rubuta wani abu mai tsawo.

A bakin matakala ta tare shi.

"Yaya, me na yi maka?"

"Ke za ki faɗa mini. An karɓe makullina yau da safe. Litinin ɗakin ido. Mutum ɗaya na faɗa wa maganar nan a duniya."

Ta zaro ido.

"Au, ni ce na kai ka?"

"Me kike yi a ofishin Babban Direba ranar Laraba? Me ya sa kika soke sunanki daga motata wata biyu?"

"Saboda ina da 'ya'ya uku!" Muryarta ta tashi har Akanta ya waiwayo, sai ta sassauta. "Tun ranar da ka ba ni labarin matar nan nake tsoron motarka. Na riƙa roƙon a canza mini rana, ina ƙaryar makarantar yara. Ka san abin da ke hana ni barci? Duk ranar da na zame, wata ce ke shiga a madadina, ga mara lafiya a baya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tun ranar farko ya kamata in kai ka. Ban kai ba, don amana ka ba ni. Wallahi da na san an kai ka, da na yi wa wanda ya kai godiya."

Ta goge ido da bayan hannu.

"Shekara huɗu, Yaya. Da dare nake aiki, da rana ina kan teburin yara. Kalma ɗaya kawai na roƙe ka."

Ta sauka matakalar ba ta waiwayo ba. Ya so ya ce ƙarya take yi, amma shekara guda yana jin muryar nan kowace safiya, ya san yadda take fita in gaskiya take faɗa.

To wa? A bas ɗin komawa zarginsa ya rasa masauki, ya shiga yawo. Malama? Takan ce a turo mata saƙo ɗaya duk wata, amma shi na girki da na cunkoson titi yake tura mata. Mijin Sista? Ba ya jin ko gaisuwa a harshen. Dogo, mai son motarsa tun da aka kawo ta sabuwa? Ta ina zai ji? Har mai gyaran waya sai da ya zarga, wanda ya canza masa gilashi watan jiya. Ya iso gida rana na shirin faɗuwa, kansa na sarawa.

Uwar Yara na kan keken ɗinkinta a falo. Ta tsayar da ƙafa.

"Sannu da zuwa, Baban Yara. Ya jarrabawar?"

"An yi."

Ya zube kan kujera. Ta kawo ruwa ta ajiye, ta koma ta zauna, amma ba ta taka keken ba. Ya ga dai ba makawa, Litinin za ta ji ko ya so ko ya ƙi.

"Akwai maganar da ban faɗa miki ba. An karɓi makullin mota yau. Wani ya kai ƙarata cewa—"

"Idonka na hagu," ta ce. "Ni ce."

Ya ajiye kofin a hankali.

"Ni na je wurin Babban Direba, jiya da yamma. Na roƙe shi ya bari sai Litinin ka gama jarrabawarka, ya ce shi tunda ya ji, ba zai iya barinka ka ƙara fita ko sau ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba."

"Sista ce ta faɗa miki."

"Wace Sista? Ni ko lambarta ba ni da ita. Kai ka faɗa mini. A kujerar nan da kake zaune, ina guga a nan."

"Da Sifaniyanci na yi maganar!"

"To da me za ka yi ta?" Ta miƙa hannu kan kantar da ke gefenta ta sauko da gwangwani ɗaya, ta zare ɗaurin katuna ta ajiye a cinya. "Shekara huɗu wa ke riƙe maka waɗannan? Ni zan karanto, kai ka ɗaga kai kana kallon silin kana 'tsaya, tsaya, kada ki faɗa'. Duk tsawon lokacin da kake kallon silin, ni amsar nake kallo. Ka ɗauka bango ne ke riƙe katin?"

Ya kalli katunan da ke cinyarta.

"Ban iya jera su kamar kai ba, ban kuma san dokokinku ba. Amma katunan asibiti sau nawa muka bi su? Ido. Hagu. Mace. Yaro. Tsoro. Kwana uku kana maimaitawa, har da 'kada kowa ya sani'. Na ƙona rigarka mai ruwan toka a ranar, ka yi ta faɗa, ba ka tambayi dalili ba."

"Me ya sa ba ki yi mini magana ba?"

"Jira nake ka faɗa mini. Wata biyu. Kullum ka fita da motar nan sai in zauna kan keke in kasa zura zare. Na ce yau zai faɗa, gobe zai faɗa. Kai kuwa ka zauna a gabana, gwiwarka na taɓa tawa, kana faɗa wa waya." Ta mayar da katunan cikin gwangwani. "Wannan ya fi idon yi mini ciwo, in gaya maka gaskiya. Kuma da na yi maka magana na san amsarka: bayan jarrabawa. Gara ka yi fushi da ni kana raye, ba kuma da jinin ɗan wani a hannunka ba."

Ya so ya yi fushin, ya neme shi ya rasa, duk ya ƙarar da shi a kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Sai ya ba ta labarin agogo, bai rage komai ba. Uwar Yara ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baiwar Allah. Kai kuwa Baban Yara, haka kake?"

"Ban sani ba ko za ta ci. Ni ma ban sani ba ko zan ci, rabin makin na zubar da hannuna."

"Ci ko faɗuwa daga baya ne. Ɗauki wayarka."

Ya ɗauka. Ya nemo sunan Sista, ya danna wurin ɗaukar murya, ya gyara zama kamar kowace safiya. Jimlar ban haƙurin ta zo masa nan take, kyakkyawa, doguwa, har da "da a ce" a tsakiyarta, ya fara jero ta ba gargada. Bai kai ƙarshe ba Uwar Yara ta zare wayar daga hannunsa ta goge saƙon.

"A'a. Wancan harshen ba ya maka nauyi a baki. Yi da namu."

Ta mayar masa. Ya danna, daƙiƙu suka fara tafiya a fuskar wayar, ɗaya, biyu, uku. Ya ɗaga kai yana kallon silin.

"Ba ni da katin wannan," ta ce, ta ɗora ƙafa kan keken ta ci gaba da ɗinki.